Manja da Hayaƙi: Nazarin Gobarar Dazuzzukan Indonesiya ta 2015

Tsakanin watan Yuni da watan Oktoba na shekarar 2015, wuta ta cinye fili mai faɗin hekta miliyan 2.6 a ƙasar Indonesiya, akasari a tsibirin Sumatra, da ɓangaren tsibirin Borneo da 'yan ƙasar ke kira Kalimantan, da kuma yankin Papua. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa gobarar ta jawo asarar dala biliyan 16.1, wato kashi 1.9 cikin 100 na duk abin da tattalin arzikin ƙasar ya samar a shekarar, kuma ninki biyu da ɗoriya na kuɗin da aka kashe wajen sake gina lardin Aceh bayan ambaliyar tsunami ta 2004. Bankin ya ƙara da cewa darajar da harkar manja gaba ɗayanta ta ƙara wa arzikin ƙasar a 2014 ba ta wuce dala biliyan 12 ba. Ke nan a cikin wata biyar hayaƙi ya tafi da fiye da abin da amfanin gonar da ƙasar ta fi tinƙaho da shi ya kawo a shekara guda.

Da yawa sun ɗora laifin a kan farin da El Nino, wato ɗumamar ruwan tekun Pasifik da ke sauya yanayin damina, ya haddasa a shekarar, kuma lallai fari ya taimaka. Sai dai fari shi kaɗai ba ya ƙona kurmin da saiwoyinsa ke cikin ruwa. An yi shekara ashirin ana tanadar wa wannan wuta makamashi, da lasisin hukuma, da sunan bunƙasa tattalin arziki, kuma waɗanda suka shaƙi hayaƙin ba su ne suka sa hannu a takardun ba.

Ribar da ba a musu a kanta

Kwakwar manja asalinta itacen Afirka ta Yamma ce. Turawan Holan ne suka kai 'yan dashenta guda 4 lambun binciken tsirrai na Bogor a 1848, kuma sai a 1911 aka buɗe gandun kasuwanci na farko a Sumatra. Har zuwa 1980 gandayen kwakwa a ƙasar ba su kai hekta 300,000 ba. A shekarar 2000 sun kai kimanin hekta miliyan 4, kuma ƙididdigar ma'aikatar aikin gona ta 2019 ta nuna sun haura miliyan 16. Wajen 2006 Indonesiya ta sha gaban Malesiya, kuma a yau ita ke samar da fiye da rabin manjan duniya, wanda ake tace shi a sa a man girki, da biskit, da taliyar leda, da sabulu, da man shafawa, har da man dizil.

Dalilin wannan saurin bai ɓuya ba. Hekta guda ta kwakwa tana ba da mai ninkin ba ninkin abin da hekta guda ta waken soya ko wani tsiron mai ke bayarwa, itacen yana fara 'ya'ya cikin shekara uku zuwa huɗu, kuma yana ci gaba da bayarwa kimanin shekara 25. Ƙasar da ta fito daga durƙushewar tattalin arziki ta 1997 da 1998, darajar kuɗinta, wato rupiya, ta faɗi warwas, kusan mutum ɗaya cikin huɗu na fama da talauci, ba za ta ga irin wannan hanyar samun kuɗin waje ta kau da kai ba. Tattalin arzikin ya riƙa ƙaruwa da kimanin kashi 5 cikin 100 duk shekara, kuma a 2018 talauci ya sauka ƙasa da kashi 10 cikin 100 a karon farko a tarihin ƙididdigar ƙasar. Kimanin kashi 40 cikin 100 na gonakin kwakwa suna hannun ƙananan manoma, kuma a ƙauyuka da yawa na lardunan Riau da Jambi da ke Sumatra kuɗin manja ne ya sa rufin kwano, ya sayi babur, ya kai yara makarantar sakandare. Duk wanda ya yi nazarin wannan lamari ya tsallake wannan ɓangare bai yi wa miliyoyin manoman adalci ba. Tambayar da ta dace ita ce: a kan wace irin ƙasa aka dasa kwakwar, ta wace hanya aka share ta, kuma ƙasar wa ce tun asali?

Ƙasar da kanta ke ci da wuta

Amsar tambayar farko ita ce mabuɗin fahimtar gobarar. A gaɓar gabashin Sumatra da kudancin Kalimantan akwai wani irin kurmi na dausayi wanda ƙasarsa ba turɓaya ba ce, ba laka ba ce, ganye ne da rassa da kututture da suka yi dubban shekaru suna zuba cikin ruwa ba su gama ruɓewa ba, saboda iska ba ta kai gare su. Mutanen ƙasar suna kiranta gambut. A wasu wurare kaurinta ya wuce mita 10. Muddin tana jiƙe sharkaf, ba ta kama wuta, kuma tana riƙe da sinadarin kabon mai ɗimbin yawa a binne. Amma kwakwar manja ba ta rayuwa da saiwa a cikin ruwa, haka ma itacen akashiya da kamfanonin takarda ke dasawa. Don haka abu na farko da mai gandu ke yi shi ne ya kawo motocin haƙa su yanka dogayen magudanai, ruwan ya tsiyaye zuwa kogi. Cikin 'yan watanni saman ƙasar ya bushe ya zama kamar ɓuntu, kuma magudanar ba ta san iyakar gandu ba: tana janye ruwan kurmin da ke maƙwabtaka da gonakin ƙauyen da ke gefe.

Wutar da ta kama busasshiyar gambut ba irin wutar dajin da aka sani ba ce. Tana nutsewa ƙarƙashin ƙasa ta riƙa ci a hankali ba tare da harshe ba, ta yi makonni ko watanni, ta ɓulla a wani wuri mai nisa da inda aka cinna ta. Masu kashe gobara sukan tsaya a fili babu ko tartsatsi, sai hayaƙi ke tsattsafowa daga ƙasa ta ko'ina, itatuwa suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya domin saiwoyinsu sun ƙone daga ƙasa. Ruwan da jirgin sama ke watsowa saman kawai yake jiƙawa. Kuma da yake ci ne na turara, hayaƙin ya fi na wutar fili kauri da guba, cike da ƙananan ƙwayoyin toka da ke ratsa huhu su shiga jini. A 2015 kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai na filin da ya ƙone yake gambut, amma daga nan mafi yawan hayaƙin ya fito.

Ba za a ce hukuma ba ta san haɗarin ba. Tun a 1990 akwai dokar shugaban ƙasa da ta kare gambut mai zurfin fiye da mita 3. Duk da haka, a tsakiyar shekarun 1990 gwamnatin Shugaba Suharto ta ƙaddamar da shirin mayar da hekta miliyan 1 na irin wannan dausayi a Kalimantan ta Tsakiya gonakin shinkafa. Aka haƙa magudanai masu tsawon fiye da kilomita 4,000, aka sare kurmin, ƙasar ta ƙi shinkafa saboda tsaminta, aka yi watsi da shirin kafin ƙarshen shekarun. Magudanan kuwa suka ci gaba da aikinsu. Da farin 1997 ya zo, yankin ya kama da wuta, kuma binciken da Susan Page da abokan aikinta suka wallafa a mujallar Nature a 2002 ya ƙiyasta cewa kabon ɗin da gobarar Indonesiya ta saki a shekarar ya kai tsakanin kashi 13 zuwa 40 cikin 100 na abin da duniya duka ke fitarwa daga ƙona fetur da kwal da gas a shekara. An samu gargaɗi mai ƙarfi haka shekara 18 kafin 2015, amma a cikin waɗannan shekarun ne ma aka fi buɗe sabbin gandaye a kan gambut.

Lasisi da zaɓe

Bayan saukar Suharto a watan Mayun 1998, an rarraba iko daga Jakarta zuwa gundumomi, kuma daga 2001 shugabannin gunduma suka samu babban hannu a bayar da izinin buɗe gandu. Daga 2005 jama'a suka fara zaɓensu kai tsaye. Niyyar gyaran mai kyau ce, amma yaƙin neman zaɓe yana cin kuɗi, kuma abu mafi daraja da ɗan takara zai iya yi wa mai ɗaukar nauyinsa alkawari shi ne fili. Shari'o'in hukumar yaƙi da cin hanci ta ƙasar, wato KPK, sun nuna yadda abin ke gudana. A lardin Riau, wanda ya fi kowane lardi yawan gonakin kwakwa, an ɗaure gwamna Rusli Zainal a 2014 bisa laifuffukan da suka haɗa da bayar da izinin sarar daji ba bisa ƙa'ida ba, kuma a shekarar dai aka kama magajinsa Annas Maamun da karɓar na goro domin sauya matsayin wani yanki na daji. Sakamakon irin wannan tsari ya bayyana a hotunan tauraron ɗan'adam: tsakanin 2000 da 2012 ƙasar ta rasa fiye da hekta miliyan 6 na kurmi na asali, kuma a 2012 asararta ta zarce ta Brazil.

Wutar kanta kuwa mutum ne ke cinna ta, domin ita ce hanya mafi araha ta share fili. Share hekta da injina yana cin kuɗi ninki da yawa a kan galan ɗin fetur da ashana, toka tana rage tsamin ƙasa, kuma filin da aka ƙona ya fi tsada a kasuwa domin a shirye yake a dasa. Dokar kare muhalli ta 2009 ta haramta share fili da wuta, in ban da ɗan sassaucin da ta yi wa manoman gargajiya na hekta 2 ga kowane gida. An daɗe ana jayayya a kan wa ya fi laifi. Kamfanoni suna cewa daga gonakin ƙauye wutar ke tsallakowa, ƙauyawa suna cewa kakanninsu sun yi ƙarnoni suna ƙona sauruka ba a ga irin wannan ba. Gaskiyar ita ce masu cinnawa iri-iri ne: akwai ƙaramin manomi, akwai dillalin fili mai ɗaurin gindi da ke ɗaukar 'yan ƙwadago su share ɗaruruwan hekta ya sayar wa attajiran birni, akwai masu rikicin iyaka da ke ƙona wa juna, akwai kuma wutar da ta tashi a cikin filayen kamfanonin manja da na takarda. Amma ko wane ne ya ƙyasta ashanar, wanda ya haƙa magudana shi ya mayar da ƙaramar wuta gobarar da ba a iya kashewa, kuma wannan aiki ne na masu manyan injina.

Watannin hayaƙi

A Palangkaraya, babban birnin Kalimantan ta Tsakiya, wanda ke dab da tsohon filin shinkafar nan, sararin sama ya koma ruwan ɗorawa a watan Oktoba. Da tsakar rana masu babura suna tafiya da fitila a kunne, ba a hangen abin da ke 'yan mitoci gaba, jirage sun daina sauka. Ma'aunin gurɓacewar iska, wanda daga 300 ake cewa an shiga haɗari, ya haura 2,000. Ƙyallen rufe hanci da aka rarraba na asibiti ne marar kauri, wanda ba ya tare ƙananan ƙwayoyin tokar, kuma gidajen katako na talakawa ba su da yadda za a toshe su, don haka jariri da tsoho suna shaƙar abu ɗaya a ɗaki da waje. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasar ta ce mutum miliyan 43 hayaƙin ya shafa, an kuma samu kimanin mutum 500,000 da suka kamu da matsananciyar cutar numfashi. Ɗalibai kusan miliyan 5 sun rasa karatu saboda rufe makarantu. An tura dubban sojoji, ƙasashe irin su Singafo da Malesiya da Ostireliya da Rasha sun aiko da jiragen watsa ruwa, Shugaba Joko Widodo ya katse ziyarar da yake yi a Amurka, amma ruwan sama na ƙarshen Oktoba da farkon Nuwamba ne ya kashe wutar. Tun kafin hayaƙin ya washe an ɗauki hotunan sabbin dashen kwakwa a jere cikin toka a wajen birnin.

Adadin mamata da hukuma ta bayar bai wuce ashirin da 'yan kai ba, domin waɗanda aka tabbatar hayaƙi ne ya kashe su nan take kawai aka ƙirga. A 2016 masu bincike daga jami'o'in Harvard da Columbia suka ƙiyasta cewa mutum 100,300 ne suka mutu kafin lokacin da aka saba gani sanadiyyar hayaƙin: 91,600 a Indonesiya, 6,500 a Malesiya, 2,200 a Singafo. Gwamnatocin ƙasashen uku sun ƙi amincewa da adadin, kuma gaskiya ne ƙiyasi ne na lissafi, ba ƙirgar gawa ba. Sai dai tazarar da ke tsakanin adadin biyu ita kanta tana nuna yadda irin wannan asara ke ɓacewa daga littafin hukuma: tsohon da bugun zuciya ya kashe a watan Disamba ba a rubuta shi a ƙarƙashin gobara, alhali kowane tan na manja da ya bar tashar jirgin ruwa an rubuta shi da nauyinsa da farashinsa. A kwanaki da dama na Satumba da Oktoba, iskar da ke ɗumama duniya da wutar ta fitar a rana ta zarce ta dukkan tattalin arzikin Amurka a rana, kuma wannan ma ba ya cikin lissafin kowane kamfani.

Bankin Duniya ya yi wani lissafin: ko da a ce duk filin da ya ƙone an dasa masa kwakwa, darajarsa ba za ta wuce dala biliyan 8 ba, rabin asarar ke nan. Ga ƙasa baki ɗaya cinikin faɗuwa ne. Abin da ya sa ake ci gaba da yinsa shi ne ribar tana shiga aljihun mutane ƙalilan da aka san sunayensu, asarar kuwa tana watsuwa a kan miliyoyin da ba su da bakin magana a ofishin bayar da lasisi: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Masu ƙasa da masu ƙwadago

Asarar da ta riga gobarar, kuma ta ci gaba bayanta, ita ce ta ƙasa. Dokokin gandun daji sun ɗauki mafi yawan kurmin a matsayin mallakar gwamnati, don haka ana iya ba kamfani dubban hekta a takarda alhali a ciki akwai gonakin roba na al'ummar Dayak ta Kalimantan, da maƙabartunsu, da kogunan da suke kamun kifi, ko dajin da al'ummar Orang Rimba ta Jambi ke farauta a ciki. A watan Mayun 2013 Kotun Tsarin Mulki ta yanke hukunci, a ƙarar da ƙungiyar 'yan asalin ƙasa ta AMAN ta shigar, cewa dajin gargajiya ba dajin gwamnati ba ne, amma mayar da hukuncin takardar mallaka a hannun al'umma ya tafi da jan ƙafa. Haka nan wata ƙa'ida ta 2007 ta wajabta wa sabbin gandaye su ware wa mutanen yankin kashi 20 cikin 100 na fili, tsarin da ake kira plasma. Binciken haɗin gwiwa da kafofin labarai na BBC da Mongabay da Gecko Project suka fitar a 2022 ya gano kamfanoni da yawa ba su cika wannan alkawari ba, wasu al'ummomin kuma sun karɓi rabonsu tare da bashin da ya cinye ribar shekaru.

Ko manomin da ke da gonarsa ba shi da cikakken 'yanci, domin dole a kai nonon kwakwa injin matsa cikin kwana ɗaya ko biyu da yankewa, in ba haka ba man ya lalace, don haka mai injin da ke kusa shi ke da ta cewa a farashi. A cikin manyan gandaye kuma ana ɗora wa mai girbi adadin da zai sauke a rana, yana ɗaga doguwar gora mai lauje a kai yana yanko nonon da kan kai kilo 20, kuma idan adadin ya fi ƙarfinsa sai ya zo da matarsa da 'ya'yansa su tsince 'ya'yan da suka zube ba tare da an biya su ba. Rahoton Amnesty International na 2016 ya samu yara 'yan shekara 8 a irin wannan aiki, da mata 'yan aikin yini da ke feshin maganin ciyawa mai guba babu isasshen kayan kariya. Namun daji ma sun biya nasu kason: wani bincike na 2018 ya ƙiyasta cewa birin orangutan na Borneo ya ragu da fiye da 100,000 tsakanin 1999 da 2015, sanadiyyar sarar daji da kisa.

Abin da ya biyo baya

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi amfani ga mai nazari, domin ya gwada da'awar cewa ɓarna farashi ce da ba makawa sai an biya kafin a ci gaba. A watan Janairun 2016 gwamnati ta kafa hukumar farfaɗo da gambut, da burin sake jiƙa kimanin hekta miliyan 2 ta hanyar toshe magudanai, aka kuma tsaurara ƙa'idar zurfin ruwan da dole gandu ya bari. A 2018 aka dakatar da bayar da sabon lasisin kwakwa na shekara uku, a 2019 kuma aka mayar da haramcin buɗe kurmi na asali da gambut, wanda aka fara a 2011 bayan yarjejeniyar dala biliyan 1 da ƙasar Nowe, ya zama na dindindin. Manyan masu sayen manja sun fara sharɗanta cewa ba za su karɓi wanda aka sare kurmi dominsa ba. Asarar kurmi ta yi ta raguwa shekara bayan shekara, har ta kai mafi ƙanƙantarta cikin kusan shekara ashirin wajen 2021, yayin da manjan da ake samarwa ya tashi daga kimanin tan miliyan 31 a 2015 zuwa fiye da miliyan 45. Dole a lura cewa shekarun sun zo da damina mai albarka, farashin manja ya yi ƙasa na wani lokaci, kuma yawancin ƙarin ya fito ne daga itatuwan da aka dasa tun da farko. Duk da haka, ƙasar ba ta talauce ba don ta rage sara, kuma wannan hujja ce mai nauyi.

Inda gyaran ya yi rauni shi ne hukunci. A 2014 kotu ta ci kamfanin Kallista Alam tarar rupiya biliyan 366 saboda ƙona dausayin Tripa a Aceh, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2015, amma shekaru suka shuɗe ba a biya ba, kuma haka tarar wasu kamfanonin ta tsaya a takarda. Mazauna Palangkaraya da suka kai gwamnati ƙara kan sakaci sun yi nasara a 2017, Kotun Ƙoli ta goyi bayansu a 2019, sannan ta soke hukuncin a 2022 bayan gwamnati ta nemi a sake dubawa. Da fari ya dawo a 2019, hekta miliyan 1.6 ta ƙone, Bankin Duniya ya ƙiyasta asarar dala biliyan 5.2, kuma a 2023 ma an haura hekta miliyan 1. Gambut ɗin da aka tsane tana lotsawa da 'yan santimitoci duk shekara ko ba wuta, abin da ke nufin wasu gandayen bakin teku za su koma ƙarƙashin ruwan gishiri nan gaba. Dakatar da lasisin kwakwa ya ƙare a 2021 ba a sabunta shi ba, gwamnati ta ɗaga adadin manjan da ake gaurayawa da dizil daga kashi 30 cikin 100 a 2020 zuwa kashi 40 a 2025, kuma a yankin Merauke na Papua an fara share daji domin wani babban shirin noman shinkafa da rake da aka ware wa kimanin hekta miliyan 2, a ƙasar al'ummar Marind da maƙwabtansu, waɗanda da yawa daga cikinsu ke cewa ba a nemi yardarsu ba.